Matan da Suka Riƙe Alƙalami a Farfaɗowar Furotesta

Mutane da yawa suna ɗauka cewa farfaɗowar addini da ta ratsa majami'un Furotesta na Ingila a ƙarni na 18 aikin maza ne zalla, irin su masu wa'azi John Wesley da George Whitefield, alhali kuwa ba haka ba ne. A 1760 Anne Steele ta wallafa waƙoƙinta na ibada da sunan aro, Theodosia, majami'un Baftis suka yi ta rera su. A 1771 kuma Mary Bosanquet ta rubuta wa Wesley doguwar wasiƙa tana kare wa'azin mata, har ya amince cewa kiranta na musamman ne. Yawancin rubutun matan wannan farfaɗowa wasiƙu ne da labarin tubansu, shi ya sa masu ƙirga manyan littattafai suke tsallake su.