Yaron da ke tsoron faɗa maka gaskiya, wa zai kira idan ya shiga uku?

'Yan uwana iyaye, musamman ku da 'ya'yanku suka fara tasawa, muryar namijin ta fara buɗewa, macen ta fara tura ƙofa idan za ta amsa waya, da ku nake. Ni ma ina cikinku, kuma abin da zan faɗa sai da na tafka kuskure a kansa kafin na gane shi.

Wata rana 'yata, tana da shekara 15 a lokacin, ta dawo daga darasin yamma a makare. Ta shigo tana haki, ta ce wani mutum ne ya biyo ta tun daga bakin titi, shi ne ta raɓa cikin wasu mata masu jiran mota ta tsaya har ya gaji ya tafi. Abin da yarinyar nan ta yi, ko babba iyakar dabararsa ke nan. Ni kuwa tsoro ya rufe mini ido, na hau ta da faɗa: wa ya ce ki bi ta can, me ya hana ki fito da wuri, in haka ne za ki daina zuwa darasin. Ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Sai bayan kusan wata biyu na ji a bakin ƙanwarta cewa mutumin ya sake bin ta har sau biyu. Da na tambaye ta dalilin ɓoye mini, ta ce: "Baba, in na faɗa za ka hana ni fita." Har yau idan na tuna maganar nan sai gabana ya faɗi. Da bakina na koya mata cewa kawo mini labarin haɗari asara ce a gare ta, ita kuwa ta ɗauki darasin.

Mu iyaye mun ɗauka cewa yawan tambaya da bincike shi ke sa mu san halin da yaro yake ciki. A shekarar 2000 wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Hakan Stattin da Margaret Kerr, sun bincika wannan a kan ɗaruruwan yara 'yan shekara 14 da iyayensu. Abin da suka gano shi ne, mafi yawan abin da iyaye suka sani game da inda yaro yake zuwa da waɗanda yake hulɗa da su, yaron ne da kansa ya kawo musu. Titsiye da sa ido kaɗan suke ƙarawa. Kuma yaran da suke buɗe wa iyayensu ciki su ne suka fi nisantar ɓarna. Duk wanda ya taɓa zama matashi ya san haka ko ba a rubuta ba. Ka tuna abubuwan da ka ɓoye wa naka mahaifin, ka tuna yadda tambayarsa ba ta tono ko ɗaya ba.

Ku dubi Annabi Yusuf (AS) yana yaro. Da ya yi mafarkin da ya girgiza shi, wurin mahaifinsa ya nufa kai tsaye. Annabi Yakubu (AS) ya saurare shi har ƙarshe, ya kira shi da kalmar tausasawa, sannan ya gargaɗe shi kada ya ba 'yan uwansa labarin. Gargaɗin ya shiga ne domin ƙofar a buɗe take tun farko. Uban nan kuma, da manyan 'ya'yansa za su yi tafiya zuwa Masar, ya ce kada su shiga ta ƙofa ɗaya, su rarrabu, sannan ya miƙa al'amarin ga Allah. Ya bar su sun tafi, da dabara a hannunsu da addu'a a bayansu.

Kada wani ya ji wannan ya ce ina kiran a saki yara sakaka. Doka tana nan: lokacin dawowa gida, sanin inda za a je da wanda za a je da shi. Matashi yana buƙatar shinge, kuma akwai dalili a halittarsa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke auna sakamako yana taka wa mutum burki, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Sashen da ke son daɗi da burge abokai kuwa tun farkon balaga yake tashi da ƙarfinsa. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg a Amurka sun sa matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta. Idan matashi yana shi kaɗai, tuƙinsa bai yi nisa da na babba ba. Da zarar an zaunar da abokansa biyu suna kallo, sai kasadarsa ta ƙaru sosai, manyan kuwa kusan ba su canja ba. To ɗanka mai hankalin nan da kake gani a falo, shi ne dai, amma a tsakiyar abokai wani nauyi ke hawa kansa wanda nasiharka ta jiya ba lallai ta iya ɗagawa ba. Shi ya sa nake ba nawa mafita tun kafin su fita. Na ce musu duk inda aka matsa musu, su ɗora laifin a kaina: "Babana zai kira yanzu, ba ya wasa." Mun kuma ajiye wata kalma tsakaninmu, idan ɗayansu ya turo mini ita a saƙo, zan kira in ce ana nemansa a gida yanzu-yanzu. Ya fita da mutuncinsa a idon abokai, ni kuma ba zan tsare shi da tambaya a daren ba.

Batun dawowar yaro gida a ƙasa shi kaɗai, a nan ne na ga muna tsoron abu ɗaya muna mance wanda ya fi shi kisa. Hankalinmu yana kan baƙon mugu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29. Yaro yana tafe, kunnuwansa biyu a toshe da abin sauraron waƙa, idonsa a kan waya, ya tsallaka titi da magariba cikin baƙaƙen kaya. Direba bai gan shi ba, shi ma bai ji mota ba. Ku koya musu waya ta koma aljihu har a isa, kunne ya zama a buɗe. Inda babu gefen masu tafiya a ƙasa, a bi ɓangaren da ake fuskantar motoci masu tahowa, don ka ga abin da ke nufo ka. Da dare a sa abu mai haske.

Kuma kada ka tsaya a faɗa da baki. Ka taka hanyar tare da shi, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan duhu, domin hanya ɗaya fuska biyu gare ta. Ka bar shi ya shige gaba, ka tambaye shi: in wani ya biyo ka a nan, ina za ka nufa? Ku nuna wuraren da ke da haske da jama'a, ku nuna lungun da yake yanke hanya amma ba a bin sa ko an makara. Wanda ya ji ana bin sa, ya tsallaka ɗaya gefen ya gani ko za a tsallako, in an tsallako ya nufi mutane, ya ɗaga murya ba tare da kunya ba. In ɓarawo ne mai son waya, a miƙa masa. Wannan sai ka furta shi da bakinka, ka ce ba za ka yi faɗa a kan waya ba, domin akwai yaran da suke kokawa da mai wuƙa saboda tsoron abin da za su tarar a gida. Ya haddace lambarka a ka, saboda ranar da caji zai ƙare. WhatsApp yana da hanyar nuna inda mutum yake kai tsaye na minti 15 ko awa 1 ko awa 8, kuma yana da amfani idan yaron ne ya kunna da yardarsa. Manhajar leƙen asiri da za ka dasa masa a ɓoye kuwa, ranar da ya gano ta, kuma zai gano, ka sayar da amanar shekaru a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Duk wannan har da 'ya'ya maza. Muna tsare mace kamar ƙwai, mu bar namiji da "ai namiji ne", shi kuma ya ɗauka faɗin tsoronsa ragwanci ne.

Akwai wata magana mai nauyi da ba na son tsallakewa. Mafi yawan yaran da ake ci wa zarafi, wanda suka sani ne yake yi: makusanci, maƙwabci, mai koyarwa, abokin gidan. Mun raine su a kan kada su yi wa babba musu, kuma ladabi abu ne mai kyau, amma idan ba mu haɗa da cewa jikinsu amana ne da babu mai ikon taɓawa ba, mun ɗaure su mun miƙa. Ku gaya musu a fili cewa duk babban da ya ce "kada ka faɗa a gida", wannan ne abin da za a fara faɗa a gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da mugu ya fi nema ita ce yaron da ya san ba za a yarda da shi ba.

Barci ma ku duba shi, a taƙaice. Likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma da balaga agogon jiki yana jan barci zuwa can dare, don haka ba duk nauyin tashi ne lalaci ba. Waya ta kwana a wajen ɗaki. Taka ma haka, in kana son a ji maganarka.

Sai ranar da za a kai shi jami'a ko kwaleji. Ranar nan ba ta zuwa kwatsam, amma kullum kamar kwatsam take samunmu. Yaron da bai taɓa riƙe kuɗin wata ba, bai taɓa wanke kayansa ba, bai taɓa shiga wurin likita ya yi bayanin ciwonsa da bakinsa ba, bai san sunan maganin da jikinsa ba ya karɓa ba, rana ɗaya a sauke shi da akwati a ce ya zama babba. Wannan zalunci ne da muke yi da sunan gata. Tun yana 14 ko 15 ka fara sakar masa igiya kaɗan-kaɗan. Ba shi kuɗin mako ya sarrafa, in ya cinye a kwana uku kada ka cike masa, ya ɗanɗani sauran kwana huɗun yana gabanka. Kuskuren da ya yi a gida mai arha ne, wanda zai yi a can kuwa ba ka nan balle ka tare.

Makonnin farko a makaranta suna da wuya fiye da yadda yara ke nunawa. Ga kaɗaici, ga karatu da babu mai bin ka a kansa, ga abokan ɗaki da ba kai ka zaɓa ba. Wanda ya saba zuwa na ɗaya sai ya tarar da ɗari irinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba suna cikin na gaba-gaba. Idan ka ji ɗanka ya daina cin abinci, ko barci ya gagare shi, ko ya janye daga mutane har makonni, kada ka sallame shi da "ka yi haƙuri kawai". A yi addu'a, a kuma kai shi ga likita ko mai ba da shawara na makarantar. In kuwa ya ambaci gajiya da rayuwa, ko da wasa ne, ka bar abin da kake yi ka tafi wurinsa.

Idan ka kira, kada sakamakon jarrabawa ya zama gaisuwarka. Tambaye shi da wa yake cin abinci, wane malami ne yake jin daɗin darasinsa, me ya ba shi mamaki a makon. Ka iya yin shiru a waya, yara sukan ajiye babbar magana sai ana shirin sallama. Ranar da ya ce ya faɗi wani darasi, ka sani ya kwana uku yana juya yadda zai gaya maka. Abin da ka yi a minti na farko shi zai yanke ko za ka ji na gaba daga bakinsa ko daga bakin wani.

Ni dai na je na ba 'yata haƙuri, na ce mata ita ce ta yi daidai a ranar nan, ni ne na yi kuskure. Ba ta saki jiki nan take ba, ya ɗauki watanni. Daga baya na yi wa dukkansu alkawari ɗaya, kuma ina roƙon ku yi wa naku: ko ƙarfe nawa ne, ko a ina kake, ko wurin da na hana ka zuwa ne, ka kira ni. Alkawarin yana da sauƙin faɗa, cika shi ne aiki, domin za a kira ka ƙarfe biyun dare daga inda ba ka so, zuciyarka tana tafasa. A lokacin tambaya biyu kawai gare ka: kana ina, kana lafiya? Sai ka ce ya tsaya cikin mutane, ga ka nan zuwa, ko ga wanda ka turo. Maganar laifi tana nan, za a yi ta, har da hukunci in ya kama, amma sai gobe da safe bayan kowa ya yi barci ya karya.