Hotunan Nijar a bangon Faris da na Yamai

A Faris, inda nake zaune, in aka ce ana baje kolin hotunan Nijar, tun daga bakin ƙofa ka san abin da ke rataye: raƙuma a Tenere, samarin Fulani cikin kwalliyar Gerewol, sai motocin Agadas maƙil da masu neman tsallakawa Libiya. Ba ƙarya a cikinsu, kuma an iya ɗauka. Amma ni da aka haifa a Tawa na tashi a Yamai, ban taɓa ganin unguwarmu a nan ba. Masu kallo kuwa tsit, kamar a zaman makoki.

Wanda na shiga a Yamai da na zo ganin gida, matasanmu ne suka ɗauki hotunan. Akwai na wani maƙerin tukwane a kasuwar Katako yana zuba narkakken alminiyom. Ba a nuna fuskarsa ba, hannuwansa kawai, duk tabon ƙuna, da silifas ɗin da wuta ta ci gefensa. Na daɗe a gabansa. Sai kuma wata mata a ƙauyen Adar, da goyo a baya, ta manna salula a kunne tana haɗe rai. Duk ɗan Tawa ya san maigidanta yana Abijan wajen bida. Wani dattijo a gefena ya ce, "Ɗana, wannan ai kuɗin cefane take tambaya," ɗakin ya ɗauki dariya. Da a Faris ne, tausayinta za a ji a wuce. A nan an san ta, an san ma abin da mijin zai ce.

Shi ya sa nake ganin hoto ya fi faɗin gaskiya in an rataye shi gaban mutanen da ke ciki. Maƙwabtanmu na Mali sun riƙe nasu da kyau: tun 1994 Bamako ke tara masu ɗaukar hoto na Afirka, Malick Sidibé kuma ya samu babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007. Mu ma muna da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki raye-rayen daren Yamai bayan samun ƴancin kai, ya rasu a 2014. Matasa nawa ne suka taɓa ganin aikinsa?

Abin da ya sosa mini rai shi ne bayanan da ke ƙarƙashin hotunan, duk da Faransanci, alhali tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Sai da na riƙa fassara wa dattijon nan layi-layi. A rubuta da Hausa da Zabarmanci mana. A kuma buga hotunan manya a kan leda, a kai su Katako da tashar motar Tawa ranar kasuwa, inda maƙerin da matar za su tsaya su gani ba tare da mai gadi ya tambaye su wurin wa suka zo ba.