Bayan duka, ita ce kuma mai ba da haƙuri

Rahoton nan naku kan yadda littattafan soyayya ke nuna dukan mata ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ni ba marin ne ya fi damuna ba, ai ana yi a gidaje, dole marubuci ya nuna. Abin da ke biyo baya ne. Miji ya fasa mata leɓe, da dare ya shigo da ledar gasasshiyar kaza, ya ce, "Ke kika ja, kin san zuciyata." Uwarta ta ɗora da, "Ki daina mayar masa da magana." Babi biyu gaba, ita ce durƙushe tana neman gafara! Marubuciyar ma bayansa take, ta zuba masa kyau da dukiya don mu yafe. Kuma 'yan sakandare ke karanta wannan a WhatsApp fa.

Dama sashe na 55 na dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuffuka na Arewacin Najeriya, ya ba miji damar "gyara" matarsa in babu mummunan rauni, ko da yake dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta haramta dukan abokin aure. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano kuwa, a ganina, rawa da sutura suka fi ɗauke mata hankali.