Ba hoto kaɗai ke gano kansar afendis ba

Wani rahoto ya nuna kamar hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka, ya wadatar wajen gano kansar afendis, amma ina da ja a kan wannan, domin akasarin masu wannan cuta ba a sanin suna da ita sai bayan an yi musu tiyata bisa zaton kumburin afendis ne kawai, sannan likitan da ke duba tsoka a madubin gwaji ya ga ƙarin. Kusan 1 cikin 100 na afendis ɗin da ake cirewa ne ake samun ƙari a cikinsa, kuma kyamarar da ake zurawa cikin babban hanji ba ta cika hango shi ba, tunda bakin afendis kawai take gani. Girman ƙarin ma yana da muhimmanci: wani nau'in idan bai kai santimita 1 ba cire afendis ɗin kaɗai ya isa, idan ya haura santimita 2 kuwa akan yanke ɓangaren dama na babban hanji. Ga wani mai sharhi kuma da ya ce gwajin jini na CEA, mai neman alamar kansa a cikin jini, ya isa, sakamakon gwajin kan fito lafiya lau alhali cutar tana nan. To asibitocinmu nawa ne ke aika abin da suka cire ɗakin gwaji, maimakon a nuna wa 'yan'uwa shi cikin kwalba a zubar?