Wai guguwar Sandy ce ta ci wa Obama zaɓe? A fara tambaya wa aka samu a waya

Jama'a, akwai wata magana da masu sharhi ke yawan maimaitawa duk lokacin da bala'i ya faɗa ana tsaka da yaƙin neman zaɓe: wai ambaliya ko guguwa ta ɗaga ɗan takara kaza, ta nutsar da wane. Hujjar da suka fi jawowa ita ce zaɓen Amurka na 2012. Ni ban gamsu da ita ba, kuma dalilina yana cikin yadda ake haɗa alƙaluman ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ɗin kansu.

Mahaukaciyar guguwar Sandy ta sauka a gaɓar jihar New Jersey ranar 29 ga Oktoba 2012, saura kwana takwas zaɓe. Gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan 8 suka rasa wutar lantarki. Obama ya ajiye kamfe, ranar 31 ga wata ya zagaya garin Brigantine tare da gwamnan jihar, Chris Christie, ɗan Republican wanda wata biyu kafin nan shi ne babban mai jawabi a taron jam'iyyarsu a Tampa, inda ya yi wa Obama wankin babban bargo. Yanzu ga shi a talabijin yana yaba masa. Washegari magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya ce Obama zai zaɓa. Ranar 6 ga Nuwamba Obama ya samu kashi 51 cikin 100, abokin takararsa Mitt Romney na Republican kashi 47, wakilan zaɓe kuma 332 da 206.

To ina aka samo cewa guguwar ce ta yi aikin? Galibi daga Gallup, kamfanin jin ra'ayin jama'a. Kafin Sandy, ƙididdigarsu ta kullum tana ba Romney 51, Obama 46. Ranar da guguwar ta sauka suka dakatar da kiran waya. Da suka dawo suka fitar da ta ƙarshe, Romney 49, Obama 48. Tazarar maki biyar ta koma ɗaya, sai aka ce ga shi nan, Sandy ta ba Obama maki huɗu.

Amma dubi sakamakon gaskiya. Obama ya ci da kusan maki huɗu, ke nan ko ƙididdigar ƙarshen ta kauce da kusan biyar. Mudun da ake awon da shi tun farko a lotse yake, don haka bambancin awon jiya da na yau ba zai gaya maka nawa hatsin ya ƙaru ba. Gallup da kansu, a binciken da suka fitar a Yunin 2013, laifin suka ɗora wa tsarinsu: tambayoyin da suke tace wanda zai fita zaɓe da su sun zubar da magoya bayan Obama da yawa, sun kira mutanen gaɓar gabas da ta yamma ƙasa da yadda ya kamata, yadda suke daidaita launin fata yana da gyara, kuma lambobin wayar gida daga kundin lambobin waya da aka wallafa suke ɗebo su, waɗanda suka fi karkata ga tsofaffi. A zaɓen 2016 ma ba su shiga harkar hasashen wa ke gaba ba.

Sannan akwai lissafin da yawancin masu yaɗa alƙaluma ba sa yi. Idan aka tambayi mutum 1,000, kuskuren da ake sa rai a kan kason ɗan takara ɗaya maki uku ne sama ko ƙasa. A kan tazarar da ke tsakanin 'yan takara biyu kuwa ya kusa ninkawa, wajen shida. In kuma za ka gwada tazarar makon jiya da ta wannan mako, ya haura takwas. Gallup suna tambayar sama da mutum 2,000, nasu ya fi wannan matsewa, amma duk da haka motsin maki huɗu bai wuce abin da dace kaɗai zai iya haifarwa ba.

Wannan a lokacin zaman lafiya ke nan. Lokacin bala'i abin ya fi haka lalacewa, domin bala'in da ake son a auna tasirinsa shi ne ke hana a kai ga mutanen da ya shafa. A 2012 kaso mai yawa na kiran ta wayar gida ake yin sa, kamfanoni masu amfani da na'urar kira mai magana da kanta ma doka ta hana su buga wayar salula. Wayar gida ta zamani ba ta aiki in babu wuta. Ta salular ma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na turakun sadarwa a yankin sun daina aiki, wanda kuma batirinsa ya rage kaɗan ba zai ƙarar da shi wajen amsa tambayoyin minti goma sha biyar ba. A ce tsarinka yana buƙatar mutum 100 daga wannan yanki, ka samu 40. Abin da masu aikin ke yi shi ne su ƙara wa kowane ɗaya nauyi, ya tsaya a madadin mutum biyu da rabi. A takarda lissafi ya cika. Sai dai waɗannan arba'in ɗin su ne masu janareta, masu gida a kan tudu, waɗanda ruwa bai shiga ɗakinsu ba. Wanda ke kwance a makarantar da aka mayar sansani babu muryarsa, an ba maƙwabcinsa mai hali ya yi magana da yawunsa.

Ko babu guguwa, a 2012 cibiyar Pew ta ce cikin gidaje 100 da take nema, tara kawai take samu su amsa, alhali a 1997 tana samun 36. Da irin wannan ƙarancin, abin da ke juya alƙaluma sau da yawa shi ne wa ke da marmarin ɗaga waya a wannan makon. Bayan muhawarar farko a Denver ranar 3 ga Oktoba, wadda Obama ya yi sanyi a cikinta, alƙaluma sun karkata ga Romney. Masanin ƙididdiga Andrew Gelman da abokan aikinsa, da suka bi mutane iri ɗaya ana tambayarsu a kai a kai, sun gano cewa mafi yawan wannan motsi 'yan Democrat ne da gwiwarsu ta yi sanyi suka daina amsawa, waɗanda suka sauya sheƙa da gaske 'yan kaɗan ne. Makon da ake nuna shugabanka yana rungumar waɗanda suka rasa gidajensu kuwa, mako ne da za ka ji daɗin a tambaye ka. Ƙari a kan haka, hasashen mai nazarin alƙaluman zaɓe Nate Silver, wanda ya dogara da ƙididdigar jiha-jiha, ya nuna Obama yana farfaɗowa tun tsakiyar Oktoba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu zaɓe sun jefa ƙuri'arsu kafin ranar zaɓen. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ban ce Sandy ba ta yi komai ba. Ta cinye wa Romney kwanaki uku ko huɗu na labarai a makon da ya fi buƙatarsu. Ɗan adawa a irin wannan hali ba shi da jirgin sojoji, ba shi da sa hannun da zai saki kuɗi. Ya mayar da gangaminsa na Kettering a jihar Ohio taron tara kayan agaji, ana loda gwangwanayen abinci a mota, alhali ƙungiyoyin agaji kuɗi suka fi so, don kaya sai an tantance, an adana, an yi jigila. 'Yan jarida kuma suka tono maganarsa ta muhawarar 2011, inda ya nuna a mayar da aikin hukumar agajin gaggawa ta FEMA hannun jihohi. Wannan rashi ne. Amma tsakanin rashi da cewa shi ya yanke zaɓen akwai tafiya.

Inda abin ke damuna shi ne darasin da 'yan siyasa ke ɗauka daga waɗannan alƙaluma marasa tabbas. Sun ga hoton George W. Bush yana leƙen New Orleans ta tagar jirgi bayan guguwar Katrina a 2005, sun ga na Obama a ƙasa da Christie, suka yanke cewa sirrin shi ne ka isa wurin da wuri da rigar ruwa. Alhali aikin da ke ceton rai a takarda yake farawa. Ƙarƙashin dokar Stafford ta 1988, gwamna ne ke rubuta buƙata, shugaban ƙasa ya amince, sannan tarayya ta ɗauki aƙalla kashi 75 na kuɗin kwashe ɓaraguzai da gyaran kayan gwamnati. A Sandy an sa hannu a dokar ta-ɓaci ga jihohi da dama tun guguwar ba ta iso ba, aka jibge ruwa da abinci da janareto a kusa, kuma shugaban FEMA na lokacin, Craig Fugate, mutum ne da ya yi shekaru yana wannan aiki a Florida. Wanda ya riƙe hukumar lokacin Katrina, Michael Brown, daga ƙungiyar masu kiwon dawaki ya fito. Nan bambancin yake, kuma an yi shi ne shekaru kafin a ɗauki hoto. Ziyarar shugaba ita kanta nauyi ce, tana janye 'yan sanda da hanyoyi daga aikin ceto, shi ya sa Bloomberg ya nemi kada Obama ya zo New York a makon farko.

Laifin ba na 'yan siyasa kaɗai ba ne. Masana biyu, Andrew Healy da Neil Malhotra, a 2009 sun bi kuɗin da gwamnatin Amurka ta kashe tsawon shekaru, suka ga masu zaɓe suna saka wa jam'iyya mai mulki in ta raba tallafi bayan ɓarna, amma ba sa ba ta ko ƙuri'a ɗaya don ta gina abin da zai hana ɓarnar, duk da sun ƙiyasta dala ɗaya ta shiri tana rage asarar kusan dala 15. Wani masanin kuma, Andrew Reeves, ya nuna jihohin da ake fafatawa a kansu a zaɓe sun fi samun amincewar shugaban ƙasa in sun nemi agajin bala'i. Shi kuwa babban kuɗin sake gina yankin Sandy, dala biliyan 50 da ɗoriya, sai ƙarshen Janairun 2013 aka sa masa hannu, bayan Christie ya fito ya caccaki shugabannin jam'iyyarsa a majalisar wakilai kan jan ƙafa. Lokacin babu mai bugo waya yana tambayar ra'ayi.

Mu ma mun ga kwatankwacin haka. An buɗe kamfe na zaɓen 2023 ranar 28 ga Satumba 2022, ambaliya na cin Jigawa da Kogi da Anambra da Bayelsa, mutum sama da 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. 'Yan takara suka yi ta zuwa jaje da alƙawarin gudummawa, Peter Obi har ya sanar da dakatar da kamfe. A daidai lokacin ana ta yaɗa ƙididdigar gidauniyar ANAP, wadda ta waya aka yi, tana nuna Obi a gaba, ba tare da an kula cewa kusan rabin waɗanda aka tambaya sun ce ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗa. Manomin Hadejia da ruwa ya ci gonarsa da wayarsa yana cikin wane kaso?

Don haka in aka turo muku alƙaluma a makon bala'i, ku nemi ranakun da aka yi tambayoyin, domin ranar da aka wallafa ba ta da amfani. Ku duba ta wace hanya aka kai ga mutane, da mutum nawa aka samu daga yankin da abin ya shafa. In ba su kai ɗari ba, kuskuren wannan ɓangaren ya kai maki goma. Ku kuma raba tambaya biyu da ake yawan cakuɗawa. Bayan Sandy, kusan mutum takwas cikin goma sun ce Obama ya yi ƙoƙari a kan guguwar, ciki har da ɗimbin magoya bayan Romney, waɗanda bayan kwana shida suka je rumfa suka zaɓi Romney ɗinsu.