Shafin farko na wanda ya yi sammako ne

Kwanakin baya wani ƙanina mai harkar rubuta manhaja ya turo mini saƙo da tsakar dare: "Yaya, don Allah ka shiga ka danna mini, yanzu na saka." Wata uku ya yi yana fama da aikin, sannan ya ɗora shi a ɗaya daga cikin shafukan nan da masu karatu ke kaɗa ƙuri'a kan labarin da zai hau sama. Ban ga saƙon ba sai bayan sallar asuba. Ko da na shiga, aikin yana can ƙasan shafi, ƙuri'a uku kacal, ɗaya ma tasa ce. Ya ce in bar shi kawai, kasuwa ta riga ta tashi.

Gaskiyarsa. Ana tallata irin waɗannan shafuka, su Reddit da Hacker News, da cewa babu edita, jama'a ne ke zaɓe. Ni kam ban yarda ba. Masu zaɓen su ne 'yan tsirarun da suka tarar da labarin cikin sa'arsa ta farko, sauranmu mu zo mu tarar an gama rabo.

Ba zargi nake yi ba, lissafin ne ya nuna haka. Daga 2008 zuwa 2017 Reddit ya bar tsarin manhajarsa a buɗe, kowa ya ga yadda ake jera labarai. A tsarin wancan lokacin, ƙuri'u 10 na farko nauyinsu ɗaya da 90 da ke biye da su, ɗaya kuma da 900 na bayan waɗannan. Ga kuma agogo: labarin da ya girmi wani da sa'a 12 da rabi, sai ya ninka shi ƙuri'a sau goma kafin su yi kunnen doki. Wato mutum goma da suka yi sammako, bakinsu ya kai na ɗari tara da suka zo da hantsi.

Halin ɗan Adam ma yana taya lissafin. A 2013 mujallar Science ta buga wani gwaji da Lev Muchnik da Sinan Aral da Sean Taylor suka yi a wani shafin labarai. Sun riƙa jefa wa wasu rubuce-rubuce ƙuri'ar yabo guda ɗaya tal, ba tare da duba kyau ko muninsu ba. Wannan ƙuri'ar ta ƙara yiwuwar mai zuwa na gaba ya yaba da kashi 32 cikin ɗari, a ƙarshe kuma makin rubutun ya ɗaga da kusan kashi 25. Duk wanda ya taɓa ganin yadda layi ke ƙara tsawo gaban mai ƙosan da aka riga aka taru a kanta, ba zai yi mamaki ba.

To, in ƙuri'ar farko ce ke da wannan daraja, dole a samu masu sayenta da masu roƙonta. Su kansu Steve Huffman da Alexis Ohanian, da suka kafa Reddit a 2005, sun amsa cewa da asusun bogi suka riƙa cika shafin a farkon lamari, don kada baƙo ya shigo ya tarar da kango. A Digg kuwa, wani shafin irin wannan da Kevin Rose ya buɗe a 2004, wasu 'yan tsiraru ne suka zama dillalan shafin farko, suna yi wa juna biki, ka danna mini in danna maka. Har ƙungiyoyin binne labarin da bai yi musu daɗi ba aka samu. Sojojin baka ke nan, sai dai da yatsa suke yaƙin.

Magani fa? Digg ya gwada nasa a Agustan 2010, ya sauya tsari yadda manyan kafafen labarai za su riƙa turo kayansu kai tsaye. Masu amfani da shafin suka ga an ƙwace daga hannun dillalai an miƙa wa attajirai, suka cika shafin farko da labaran Reddit don huce haushi, sannan suka yi ƙaura. A 2012 aka sayar da sunan Digg kan kuɗin da aka ruwaito bai wuce dala 500,000 ba.

Hanyar da ta fi kwanta mini ita ce ta Hacker News, wanda Paul Graham ya buɗe a 2007. Can an hana roƙon ƙuri'a ƙarara, ana kuma rage wa labari maki in an gano 'yan gida ɗaya ne suka taru a kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne, masu kula da shafin suna bin labaran da suka nutse ba a gani ba, su tsamo masu kyau, su sake ajiye su a ƙasan shafin farko ko jama'a za su ɗauka. Za a ce ai wannan editan da aka ce babu ne ya dawo ta taga, kuma mutum yana da son rai. Haka ne. Amma mai kula da aka san da zamansa ana iya tuhumarsa, a ce ya yi son kai. Mutum goman nan na sa'ar farko fa, wa ya san su, balle ya tambaye su dalili?

Ƙanina dai ya ce zai sake sakawa ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, lokacin da mutanen gabashin Amurka ke buɗe kwamfutocinsu da safe. Wannan karon roƙona ya yi kada in danna, wai kada a ɗauka haɗa baki muka yi.