Na tara 'yan talla wuri guda

Niyyata mai kyau ce. Na so in gina shafin intanet inda masu sana'ar sayarwa za su riƙa haɗuwa, wakilan kamfanoni da dillalai da masu bin kwastoma ta waya, wanda ya san yadda ake shawo kan mutumin da ya ce "zan neme ka" ya koya wa wanda bai sani ba.

Sunan shafin bai ba ni wahala ba, biya ake yi shekara-shekara. Na kama hayar saba, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) gigabait 2, don manhajar dandalin tattaunawa da na zaɓa, Discourse, tana tashi da 1 amma ta fi sakewa da 2. Sai haɗa sunan da sabar: ka shiga saitin DNS, tsarin da ke nuna wa na'urori inda sunan shafi yake, ka ƙara layin da ake kira A, ka rubuta lambar IP, wato adireshin sabar. Canjin na iya ɗaukar awa 48 kafin ya game ko'ina. Ni kuwa Allah bai ba ni wannan haƙurin ba. In rubuta, in duba, in ga ba shafi, in goge, in sake rubutawa. Ashe kowace na'ura tana riƙe amsar da ta samu har lokacin da aka sa a TTL, wato wa'adin riƙe amsa, ya cika, ni na yi ta sauya mata amsar. Da na rage shi zuwa daƙiƙa 300 tun farko, da ban yi rantsuwa da wani abokina ba, shi yana cewa shafin ya buɗe a wayarsa, ni ina cewa ƙarya yake.

Shafi ya tsaya, na aika wa mutanen da na sani gayyata. Shiru. Har na fara ɗaure wa wasu fuska. Wani da na yi wa gorin ya ƙi shiga ya ce, "Haba Malam, ni fa na yi rajista, saƙon tabbatarwar nake jira." Saƙonnin duk suna can kwance a akwatin saƙonnin banza. Imel ɗin da shafi ke aikawa ya fi samun karɓuwa in yana da shaida uku a DNS. SPF shi ke faɗin sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunanka, DKIM sa hannu ne da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba, DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da saƙon da ya kasa. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan. Don in nuna da gaske nake, sai na zuba SPF har guda biyu. Guda ɗaya tak ake yarda da shi, in suka zama biyu duka sun lalace. Haɗe su ake yi a layi guda.

Da aka gyara, na wayi gari na tarar mambobi sun yi ambaliya. Na zauna ina yi wa kowa barka da zuwa ɗaya bayan ɗaya, har da wani mai suna baƙaƙe da lambobi a cakuɗe, wanda ya amsa mini da tallar maganin rage ƙiba. Ba mutane ba ne, manhajojin rajistar bogi ne masu yawo suna neman sabon shafi mai buɗaɗɗiyar ƙofa. Maganinsu mai sauƙi ne, ka kunna saitin da ke sa sai ka amince da hannunka kafin kowa ya shiga.

Wahalar gaske ta zo ne da mutanen gaske, domin na kasa bambanta su da na bogin. Sashen da na ware don gabatar da kai ya koma kasuwa, kowa na kasa kayansa, ba mai taya. Wani saurayi ya yi tambaya tsakaninsa da Allah: yaya ake yi da kwastoman da ya daina ɗaga waya? Na farko ya ce ya sayi manhajarsa ta bibiyar kwastoma. Na biyu ya ce ya shiga kwas ɗinsa. Na uku bai ma karanta tambayar ba, inshora yake sayarwa. Jakob Nielsen ya rubuta a 2006 cewa a irin waɗannan wurare kashi 90 karatu kawai suke yi, kashi 9 su tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, kashi 1 su yi yawancin rubutun. Bawan Allah bai ga nawa shafin ba. Kowa rubutu yake, mai karatu ni kaɗai ne.

Manhajar Discourse tana da matakan amana na mambobi daga 0 zuwa 4, sabon shiga kuma ba ya iya liƙa adireshin shafi fiye da biyu a rubutu guda. Na mayar da adadin sifili, na kuma hana 'yan mataki na 0 aika saƙon sirri. Sai suka koma rubuta lambar waya da kalmomi. Wata Hajiya ta sa lambarta a hoton fuskarta, daidai goshi. Na buɗe sashen talla guda ɗaya, rana ɗaya a mako, sai kowane rubutu a sauran sassan ya koma farawa da "wannan ba talla ba ce, shawara ce."

Dokar rufe sunayen kwastoma kuwa ta samo asali ne daga wani da ya ɗora hoton jerin mutanen da yake bi, da sunaye da lambobi, yana neman shawarar wanda zai fara kira. An ba shi shawara kam. Kafin in sauke hoton, abokan sana'a sun riga sun kira masa su duka.

Abu ɗaya da ya sa suka manta da kayansu shi ne tambayar da ta taɓa aljihu. Na rubuta: kamasho ranar da kwastoma ya sa hannu ya kamata a biya, ko sai kuɗi sun shigo? In kuma ya mayar da kaya, a zare daga albashi? Nan aka kaure da gardama ta gaskiya, da lissafi da misalai, ba wanda ya tuna ya liƙa lamba. Tun daga nan irin tambayoyin da nake jefawa ke nan, kuma ni nake fara amsawa don kada wuri ya yi sanyi.

Saura mutum guda da ya gagari kowace doka. Na ga bai dace in dakatar da shi ba tare da magana ba, sai na kira shi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka ce. Amma mai shafi irin naka, ina yake ajiye kwafin bayanansa in sabar ta mutu?" Na yi shiru, don a kan sabar nake ajiye shi. Yanzu haka ina biyansa kuɗin ma'ajiya duk wata, kuma yana mataki na 2.